Takarda a Hannu Ɗaya, Sana'a a Ɗayan: Jawabi ga Iyaye da Dattawan Ikilisiya

 

An roƙe mu mu yi magana a kan sana'o'in da ake yi da kwamfuta da wayar hannu, da amfaninsu ga 'ya'yanmu ɗalibai. Mun san akwai dattawa a nan da ba sa son ganin yaro ya duƙufa a kan waya, kuma suna da dalili. Za mu zo kan wannan. Amma bari mu fara da tambayar da ke damun kowane uba a ɗakin nan: in yaron ya gama karatu, ina zai yi aiki?

Iyayenmu ba su sha wahalar wannan tambaya kamar mu ba. Da yawansu sun baro Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kafanchan, waɗansu daga Filato da Adamawa, suka zo Kaduna domin akwai aiki. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. Ga jirgin ƙasa, ga soja da 'yan sanda, ga ma'aikatun gwamnati. Mutum ya gama firamare ko sakandare, a ɗauke shi, ya yi aure, ya yi ritaya da fansho. Da albashin waɗannan mutane aka gina yawancin majami'un da muke sujada a cikinsu yau. To, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya da aiki a 2007, kuma ba sai mun gaya muku yawan jana'izar tsofaffin ma'aikatan masaƙa da muka yi, waɗanda suka mutu suna jiran haƙƙinsu ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da aikin yi. Daga baya an canja yadda ake lissafin, adadin ya sauka a takarda, amma mu da muke karɓar matasa a ofishin fasto suna neman wasiƙar shaida mun san abin da idonmu ke gani.

Saboda haka takardar digiri ko difloma tana da kyau, kada wanda ya fita daga nan ya ce fasto ya ce a bar makaranta. Sai dai takardar ita kaɗai ba ta buɗe ƙofa kamar dā. Dole ɗayan hannun ya riƙe wani abu da yaron zai iya yi, ya nuna, a biya shi.

Me muke nufi da waɗannan sana'o'i? Ba buga wasiƙa da kwamfuta muke nufi ba, wannan kowa ya kamata ya iya, gama tun 2015 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da kwamfuta. Muna nufin tsara zane irin na kalanda da kati da allon talla, da ɗaukar hoto da gyara shi, da ɗaukar bidiyo da yanka shi a haɗa, da ɗaukar murya da waƙa a tace su, da zane mai motsi irin wanda yara ke kallo, da tsara shafin intanet na kamfani ko makaranta. Sana'ar hannu ce kamar ɗinki da kafinta. Tana da kayan aiki, tana da maigida da yaron shago, kuma ana gane aikin gwani da na ɗan koyo daga nesa.

Ku dattawa, ku buɗe littafin ma'aji na ikilisiyarku na shekarar da ta wuce, ku duba. Nawa aka biya domin kalandar ikilisiya? Nawa aka biya domin takardar shirin sujada ta godiyar kaka, da tutar babban taro, da rigunan matasa da na Boys' Brigade? Ku ƙara da abin da iyalai suka kashe a kan katin aure, da littafin jana'iza mai hotuna, da mai ɗaukar bidiyo. Zanin Zumuntar Mata ma, kafin a kai shi masaƙa, wani ne ya zauna ya tsara shi a kwamfuta, aikin da a dā masu zane na Kakuri ke yi da hannu. Duk wannan kuɗi yana fita kowace shekara, kuma yawancinsa ba ya shiga hannun 'ya'yanmu, domin ba mu koya musu ba. Wannan ikilisiya ce kawai. Ba mu yi maganar makarantu masu zaman kansu ba, da asibitoci, da masu sayar da abinci, da 'yan siyasa da ke lulluɓe gari da hotunansu kowace shekarar zaɓe.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya shafe mu mu kaɗai, mu da ke wannan gefen kogi. Kowa a nan ya san abin da ya faru a Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, da kuma Nuwamba ta 2002. Bayan nan 'yan'uwa da yawa suka kwashe kaya suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora, kamar yadda Musulmi da yawa suka baro can suka dawo nan. Akwai majami'un da dā sai an sa benci a waje, yau rabin kujerun babu kowa. Mu da muka zauna, kullum zancenmu shi ne yaya za mu riƙe matasanmu. Yaro ya gama karatu, ba shi da abin yi a unguwa, sai ya ƙetare, ko ya tafi Abuja, ba ya dawowa sai Kirsimati. Ba za mu iya gina masa masaƙa a Kawo ba. Amma aikin da ake karɓa ta waya, a yi shi a ɗaki, a aika ta waya, kuɗin ya shigo ta banki, ba ruwansa da gefen kogin da kake kwana. Mai aikin yana iya zama a Barnawa, ko Legas, ko Ingila. Akwai dandalin intanet kamar Upwork da Fiverr inda ake neman irin waɗannan ma'aikata daga ko'ina a duniya, ko da yake mu faɗi gaskiya, gasa a can tana da zafi, kuma sabon shiga yakan daɗe bai samu aikin farko ba.

Kasuwar da ta fi kusa ita ce wadda muke yawan mantawa. Ku shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko Kasuwar Barci, ko ta Kawo. Masu atamfa da shadda da turare da takalma yanzu suna sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram da TikTok. Matan aure da yawa suna sana'a daga cikin gida, suna yin cincin da kek da turaren wuta. Kowannensu yana bukatar hoto mai kyau, da tambarin da za a manna a jikin kaya, da ɗan gajeren bidiyo da Hausa mai daɗi. 'Ya'yanmu da aka haifa a Unguwar Shanu da Badarawa da Abakpa suna jin Hausa kamar kowane Bahaushe, sun yi makaranta da 'ya'yan waɗannan 'yan kasuwa, sun san abin da ya dace a nuna da abin da bai dace ba. Wanda ya zo daga Legas bai san wannan ba. Kuma mun lura da wani abu cikin shekarun da muka yi a garin nan: Alhajin da yaronka ke yi wa aiki shekara uku, yana biyansa, suna gaisawa, shi ne yakan fara buga waya ya ce ku yi hankali in gari ya fara ɗaukar zafi. Ba mu ce ciniki zai warkar da Kaduna ba, amma zaman lafiyar da muka gani ya daɗe, yawancinsa tsakanin mutanen da ke bukatar juna ne.

Akwai kuma maganar harshe, wadda muke so mu ɗan daɗe a kanta. Yawancin 'ya'yanmu suna da harshe uku: Turanci na makaranta, Hausa ta unguwa da sujada, da harshen gida, ko Bajju ko Atyap ko Ham ko Adara ko Gbagyi. Mun saba ɗaukar wannan kamar ba komai ba ne. A wannan sana'a jari ne. Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 harkar fina-finan Hausa take girma, tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, ga gidajen rediyo da talabijin na cikin Kaduna, tun daga Rediyo Kaduna da aka kafa a 1962 har zuwa DITV da Liberty. Ga ƙungiyoyin lafiya da na noma masu son isar da saƙo ga talakawa. Duk suna bukatar wanda zai fassara, ya rubuta fassarar a ƙasan hoto, ya ɗora murya. Amma ku dubi takardun da muke bugawa a ikilisiyoyinmu. Sau nawa aka rubuta "bata" inda ake nufin "ɓata", ko "kafa" a maimakon "ƙafa", ko "fada" a maimakon "faɗa"? Haruffan nan masu lanƙwasa suna nan a rubutun Hausa tun kafin a haifi yawancinmu, kuma suna cikin kowace waya yanzu, sai dai mai bugawa bai damu ba. Yaron da ya iya rubuta Hausa daidai, ya kuma iya tsara shafi, ya riga ya wuce rabin masu shagunan buga takardu na garin nan.

Harsunan gida kuwa, tsofaffin da suka san waƙoƙin noma da na biki da tarihin kaka da kakanni suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Masu aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa harsunanmu, irin su Nigeria Bible Translation Trust da ke Jos, sun san mutanenmu da yawa sun fi saurare a kan karatu, don haka ɗaukar murya ya zama babban sashe na irin wannan aiki. Ƙungiyoyin mawaƙanmu da na Sabon Rai suna da waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka da kyau ba. Mun ga inda waƙar Hausa ta kai Panam Percy Paul da Solomon Lange. A bayan kowace waƙa da kuka ji a waya akwai wanda ya zauna dare yana daidaita murya da ganga, kuma shi ma abincinsa ke nan.

A ina za a koya? Kaduna ba ta rasa wuri ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda muke kira Kadpoly, tana nan a Tudun Wada da Unguwar Rimi. Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 tana kan titin Tafawa Balewa. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da sashen zane da na tsara kayan masana'antu, kuma a Zariya ne su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Uche Okeke suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, sunansu ya zaga duniya. Muna faɗin haka domin iyayen da ke ganin karatun zane na wanda ya kasa lissafi ne. An buɗe cibiyar CoLab a Barnawa a 2016, Bankin Duniya ya tallafa wa shirin Click-On Kaduna wajen 2018, gwamnatin tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku. Irin waɗannan shirye-shirye suna zuwa suna wucewa, kuma sau da yawa sai an rufe rajista mutanenmu ke ji. Ya kamata kowace ikilisiya ta sa mutum ɗaya ya riƙa bin labarinsu, a sanar ranar Lahadi tare da sauran sanarwa.

Amma a ganinmu hanyar da ta fi ita ce tsohuwar hanya, wato a kai yaro wurin maigida. Wata shida a shagon buga takardu ko wurin mai ɗaukar hoto na gaske, yana shara, yana ɗaukar kaya, yana ganin yadda ake magana da mai aiki, yadda ake sa farashi, da abin da ke faruwa in aka rubuta sunan mamaci ba daidai ba a littafi ɗari biyar. Ba a koyon wannan a YouTube. Masu buga takardu a nan sun fi amfani da CorelDraw da Photoshop. Wanda ba shi da kuɗin saye, akwai manhajojin kyauta masu ƙarfi, kamar GIMP da Inkscape na zane, Audacity na sauti, Blender na zane mai motsi. Ana iya farawa da Canva da CapCut a waya, amma wanda zai ci abinci da sana'ar dole wata rana ya samu kwamfuta.

Lokacin koyon ma yana nan. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas. Waɗansu 'ya'yanmu sun yi watannin nan suna barci da kallon ƙwallo, waɗansu kuwa suka koma makaranta da sana'a a hannu suna biyan kuɗin littafinsu. Ga watannin da ke tsakanin gama sakandare da samun gurbin karatu, ga jiran bautar ƙasa. Kuma ba sai mai son zama mai zane kaɗai ba. Malamar asibiti da ta iya haɗa bidiyon minti biyu da Hausa a kan rigakafi, da malamin makaranta da ya iya tsara darasi da hotuna, da akawun da ya iya shirya rahoto mai kyan gani, su ake tunawa da su ranar ƙarin girma. 'Yan mata musamman kada a bar su a baya. Sana'a ce da mace za ta ci gaba da yi ko da goyo a bayanta, kuma akwai gidajen biki a wannan gefen gari da namiji mai kyamara ba zai shiga ba, sai mace.

To, ga tsoron dattawa. Gaskiya ne kwamfutar da ake zane da ita, da ita ake damfara. Kun ji 'yan Yahoo, kun ga hukumar EFCC tana kama matasa, kuma akwai dokar laifuffukan intanet tun 2015. Ga caca, ga hotunan batsa. Amma ƙwace wayar ba ya magance komai, yaron zai ara a waje. Abin da ya fi shi ne tambaya. Mai sana'ar gaskiya yana da abin nunawa. Baba, ka ce masa ya nuna maka aikin da ya yi wannan mako, wa ya ba shi, nawa aka biya. Mai zane zai yi murna ya buɗe maka, har ya dame ka da bayani. Wanda ya rufe fuskar kwamfuta da ka shigo, yana kwana a farke yana wuni yana barci, ga sabon takalmi babu mai aikin da za a iya kira da suna, to ruwa ba ya tsami banza.

Akwai haɗarin da ya fi wannan a gari irin namu. Wanda ya iya gyara hoto ya iya ƙirƙirar ƙarya. Tsohon bidiyo daga wata ƙasa, a sa masa sabon rubutu a ce a Kaduna ne yau, kafin yamma an rufe kasuwa, iyaye suna gudu makaranta ɗaukar yara. Mu ne marasa yawa a nan, mu ne za mu fara biyan kuɗin irin wannan wasa. Duk yaron da za mu koya wa sana'ar nan, mu koya masa cewa akwai aikin da ba a karɓa ko nawa za a biya, ko daga ɗan siyasa ko daga ɗan'uwa mai bi. Kuma yaron da ya san yadda ake haɗa hoton ƙarya shi ne zai iya gaya wa zauren WhatsApp na ikilisiya cewa kada a tura wannan, haɗi ne.

Matasa kuma, kada ku ɗauka kun riga kun isa. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna zana hoto, suna rubutu, suna kwaikwayon murya cikin daƙiƙa kaɗan. Ƙaramin aiki irin na sa hoton mutum a kan furanni a rubuta barka da ranar haihuwa, kowa yana yi da kansa yanzu, babu mai biya. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ido da kunne da sanin mutane: ka san launin da ba a sa wa a littafin jana'iza, ka ji inda Hausar na'ura ta karkace, ka je gidan biki da ƙafarka a kan lokaci, ka kawo aiki ranar da ka yi alkawari. Ku koyi amfani da waɗannan manhajoji, amma ku koyi tushen sana'ar, wato haske da launi da tsarin haruffa da rubutu mai kyau, gama manhajar da kuka iya bana wataƙila baɗi an daina yayinta.

Muna da magana ɗaya mai ɗaci ga majalisun dattawa. Mun saba in yaronmu ya iya abu, sai mu ce ya yi wa Ubangiji, mu sallame shi da "Allah ya sa albarka". In na waje ne kuwa, mu biya shi babu gardama. Yaron ya sayi data da kuɗinsa, ya sayi man janareta da tsadar da ya yi tun da aka cire tallafi a 2023, ya kwana yana aiki. A cikin Littafin Fitowa an ambaci Bezalel da Oholiyab da sunansu, masu aikin hannu ne, ba a ɗauki gwanintarsu ƙaramin abu ba. In yaro ya ga dama ya ba da aikinsa baiko, wannan tsakaninsa da Allah ne. Amma ikilisiya ta sa kuɗin a kasafi ta miƙa masa, ta kuma ba shi izinin nuna aikin ga waɗansu, domin a wannan sana'a ba a tambayar takardar shaida kamar yadda ake cewa nuna mana abin da ka taɓa yi.

Abin da muke roƙo kafin mu tashi ba shi da yawa. Ikilisiya ɗaya a cikinmu ba lalle ta iya ba, amma uku ko huɗu da ke kusa da juna za su iya haɗa kuɗin kwamfuta biyu masu ƙarfi da ƙaramar sola, tun da ba a dogara da wutar NEPA, a ajiye a ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da littafin sa hannu da dattijo ɗaya mai lura. A cikin membobinmu akwai masu shagon hoto, da ma'aikatan rediyo da talabijin, da tsofaffin ma'aikatan New Nigerian da suka san tsara shafi tun kafin kwamfuta ta zo. Muna roƙon kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda biyu, ɗaya ta masu iya koyarwa, ɗaya ta iyayen da ke da yaro ko yarinya da ke zaune a gida yanzu. A rubuta suna da unguwa da ikilisiya, domin a haɗa kowane yaro da maigidan da zai iya zuwa wurinsa da ƙafa ko da Keke Napep ɗaya. Kalandar shekara mai zuwa kuma, muna ba da shawara kada a kai ta waje sai an fara ba waɗannan yara dama su kawo nasu samfurin gaban majalisa.